Idan Masinjan Kotu Ya Kawo Maka Sammacin Shaida

Da farko dai ka karɓi takardar. Kada ka shige ɗaki ka turo yaro ya ce ka tafi Illela, kada kuma ka ce wa masinja sai ka yi shawara da yayanka. Na yi aikin tafinta a kotu a nan Sakkwato har na aje, kuma ban ga abin da ke firgita mutanenmu kamar farar takarda mai hatimin kotu ba. Sai ka ga dattijo mai jikoki hannunsa na rawa, alhali babu wanda ya tuhume shi da komai. Sammacin shaida ba ƙara ba ce. Kotu ce ke cewa akwai abin da idonka ya gani ko kunnenka ya ji, tana so ka zo ka faɗa.

Samari masu kallon finafinan Amurka kan tambaye ni ko a nan ma ana ɗebo mutanen gari su zauna su yanke hukunci. A Amurka da Ingila akwai wannan tsari: a manyan laifuka akan zaɓo mutum 12 daga cikin jama'a su saurari shari'a, su ce wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. A Najeriya ba a yin haka. Alƙali ne ke saurare, shi ke aunawa, shi ke yankewa, kuma bai je wurin da abin ya faru ba. Da idon shaidu yake gani. Shi ya sa nake ɗaukar wannan kira da nauyi ƙwarai.

Ka zauna ka karanta takardar da kyau, in ba ka karatun boko ka ba wanda ka amince da shi. Ka san wace kotu ce, wace rana, ƙarfe nawa, shari'ar wa da wa, da lambar ƙarar. Kotuna a garin nan iri-iri ne: akwai na majistare, akwai Babbar Kotun Jiha, akwai Babbar Kotun Tarayya, ga kuma kotunan shari'ar Musulunci ƙanana da manya. Na sha ganin mutum ya taso daga Gwadabawa ko Tambuwal tun asuba, ya wuni zaune a harabar wata kotu, alhali ana can ana kiran sunansa a wata. In da hali, ka hau kabu-kabu tun ana gobe ka je ka ga wurin da idonka. Ka duba kuma ko an ce ka zo da wani abu, domin wani sammacin na bakinka ne, wani kuwa na takarda ne, kamar rasit, takardar fili ko littafin ciniki. In an ce ka zo da takarda, ka zo da ta ainihi, ka yi hotonta ka aje a gida, don kotu na iya riƙe ta har a gama shari'a.

Ƙin zuwa ba mafita ba ne. In an tabbatar sammaci ya same ka, ka ƙi zuwa babu dalili, alƙali na da ikon sa hannu a takardar kamu a kawo ka, sai ka shiga a hannun ɗan sanda wurin da da ƙafarka za ka shiga da mutuncinka. In rashin lafiya ce ko rasuwa ko tafiyar da ba makawa, ka aika wa rajistaran kotu ko lauyan da ya kira ka tun kafin ranar, da takardar asibiti in akwai. Mu Musulmi ma ba sai doka ta tsoratar da mu ba. A aya ta 282 ta Suratul Baƙara an hana shaidu su ƙi zuwa idan an kira su, aya ta 283 kuma ta ce mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce.

Ranar zama ka yi sammako. Kotu kan zauna ƙarfe tara, kai ka isa kafin nan ka nemi akawu ka ce ka iso. Ka ci abinci, ka riƙe ruwa, musamman in a watan Maris ko Afrilu ne, domin zafin Sakkwato ba ya ragawa mai jira, kuma ana iya kai azahar ba a zo kan shari'arku ba. Ka sa tufafi masu tsabta, ka kashe waya, ka tofar da goro kafin ka shiga. In alƙali ya shigo kowa zai miƙe, kai ma ka miƙe. Da an kira shari'arku za ka ji an ce shaidu su fita waje inda ba za su ji abin da ake faɗa ba. Ba wulaƙanci ba ne, don kada maganar wani ta gurɓata taka ne. A wajen ma kada ku haɗa kai kuna daidaita labari. Lauya mai wayo tambayarsa ta farko ita ce da wa ka zauna a waje, kuma me kuka tattauna.

A kotun majistare da babbar kotu, Dokar Shaida ta 2011 ce ke aiki. Kafin ka fara za a gargaɗe ka cewa in ka yi ƙarya za a iya gurfanar da kai, sannan a tambaye ka ko za ka rantse da Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki, ko kuwa za ka yi alkawarin faɗin gaskiya ba tare da dafa littafi ba. Doka ta yarda da duka biyun, kuma nauyinsu ɗaya ne. In Alƙur'ani za ka dafa, ka zo da alwala. In kuwa kana ganin girmansa ya wuce a ɗauko shi a kan rikicin kuɗin albasa, ka ce alkawari za ka yi, babu mai zarginka. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, a sashe na 158, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai shaidar zur a gaban kotu. Wanda ya san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaita gargaɗi a kan shaidar zur, ya san ɗaurin ne mai sauƙin.

Tambayoyi hawa uku ne. Wanda ya kira ka shi zai fara, ya bar ka ka ba da labari. Sai lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya titsiye ka. Daga nan na farkon ya dawo ya warware abin da ya cukurkuɗe, in akwai.

A nan ne nake so ka buɗe kunne. Ka faɗi abin da ka gani da idonka, ko ka ji da kunnenka a wurin, ka tsaya nan. Mutanenmu na da son cike gurbi. Za ka ji shaida ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi duk gari an san shi yay yi." Alƙali ya ce, "Kai ka gani?" Sai shiru. Dokar Shaida ba ta karɓar "an ce", sai a wasu wurare ƙalilan da ta keɓe, kuma dama gani ya kori ji. In ka ga mutum ya fito daga shago da gudu da buhu a kai, wannan za ka faɗa. Kada ka ce ka ga ya fasa shagon in ba ka ga fasawar ba, ko da zuciyarka ta gama yanke cewa shi ne. Haɗa wannan da wancan aikin alƙali ne.

"Ban sani ba" cikakkiyar amsa ce. "Na manta" ma haka. Abin da ya fi rusa shaidar mutanen kirki a gabana shi ne kunyar faɗin waɗannan kalmomi. Lauya zai ce ƙarfe nawa abin ya faru, mutumin da ba ya ɗaura agogo sai ya ce ƙarfe huɗu don kada a ce bai sani ba, can gaba a nuna masa a bayaninsa na ofishin 'yan sanda ya ce ƙarfe shida, shi ke nan an sami ƙofar ƙaryata duk sauran maganarsa. In da lokacin salla kake lissafi, ka ce bayan la'asar ne, kafin magariba. In ba ka riƙe kwanan wata ba, ka ce bayan ƙaramar salla ne, ko lokacin girbin gero. In an ce mita nawa ne tsakaninku, ka nuna da hannu ka ce kamar daga nan zuwa ƙofar can, kotu za ta ƙiyasta ta rubuta.

Lauyan da ke titsiye ka zai iya duban idonka ya ce ƙarya kake yi, ko ya ce ba ka ma je wurin ba. Na fassara wannan magana ga dattawan da ba a taɓa ƙaryata su a bainar jama'a ba, na ga yadda fuskarsu ke sauyawa, kuma har yau ba na jin daɗinta. Amma aikinsa yake yi, ba gaba yake da kai ba. Kada ka harzuƙa, kada ka shiga rantse-rantse. Ka dubi alƙali ka ce, "Ya Mai Shari'a, gaskiya na faɗa." In ya haɗa tambaya biyu cikin ɗaya ya ce ka amsa da i ko a'a, ka roƙi kotu a raba maka su. In kuwa amsar wata tambaya za ta jefa kai kanka cikin tuhumar laifi, ka gaya wa alƙali, domin doka ba ta tilasta maka ka tona wa kanka asiri ba.

Batun harshe kuwa, tunda sana'ata ce, ga shawarata. A babbar kotu da Turanci ake rubutu. In Turancinka na gaisuwa da ciniki ne, ka ce da Hausa za ka yi magana, ko da kana da takardar sakandare. Babu abin kunya a ciki, kuma Turancin lauyoyi daban yake da na kasuwa. Ka riƙa yanka maganarka gajere-gajere, ka dakata tafinta ya juya, ka dubi alƙalamin alƙali, domin da yawansu da hannu suke rubuta kowace kalma. In ka lura tafinta bai kama Sakkwatancinka ba, ko ya faɗi abin da ba shi kake nufi ba, ka gyara masa nan take. Mu ma mutane ne, kuma abin da ya shiga littafin alƙali shi za a karanta har kotun ɗaukaka ƙara. Wanda Fulatanci ko Zabarmanci ya fi zama a bakinsa ya faɗa tun farko. Haka nan a shari'ar fili ko bashi a babbar kotu, lauya kan rubuta bayaninka tun kafin zama ya ce ka sa hannu. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka shi da Hausa daga farko har ƙarshe, don a kansa za a titsiye ka.

Kotun shari'ar Musulunci tafiyarta daban ce, bisa mazhabar Malikiyya. A can da Hausa ake komai, kuma "Allah gafarta Malam" za ka ce. Galibi ba a rantsar da shaida, alƙali kan yi masa wa'azi ne ya ji tsoron Allah, domin ƙa'idar ita ce hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Abin da ake dubawa shi ne kai wane ne. Za a tambaye ka dangantakarka da masu shari'a, saboda ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa ko ɗa ga ubansa, ko miji ga matarsa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai amfana da hukuncin. Za a kuma tambayi wanda ka ba da shaida a kansa ko yana da suka a kanka, ana ma iya neman waɗanda za su tsarkake ka su ce kai adali ne. In akwai bashi ko tsohuwar rigima tsakaninka da ɗayansu, ka faɗa da bakinka kafin a tono. A sha'anin dukiya ana neman maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara, don haka rashin zuwanka kai kaɗai na iya sa marainiya ta rasa gonar ubanta.

Mafi wuya shi ne in gaskiyar da ka sani ta faɗa kan naka. Za a zo maka da dare, kawu ko surukai ko mai unguwa, a ce ka rufa asiri, ai zumunci ya fi. Na san nauyin wannan a gari irin namu da kowa ya san gidan kowa. Amma aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta ce a tsaya da adalci ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Ka ba su haƙuri cikin ladabi, ka ce abin da ka gani kaɗai za ka faɗa, ba za ka ƙara ba, ba za ka rage ba. In abin ya kai ga barazana, ka sanar da mai gabatar da ƙara ko alƙali kai tsaye, kotu na da hanyoyin kare shaida.

Kuɗin mota haƙƙinka ne. A shari'ar da ke tsakanin mutum da mutum, wanda ya kira ka shi ke ɗaukar nauyin zuwanka. A shari'ar laifi, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a biya shaidan gwamnati abin da ya kashe gwargwado, sai ka tambayi mai gabatar da ƙara yadda ake nema. Abin da ya wuce kuɗin mota da na abinci, ko da sunan goro aka kawo shi, ka mayar.

In ka gama, kada ka fice sai alƙali ya ce an sallame ka. In an ɗage shari'a ba a kai ga jin ka ba, kuma hakan na faruwa sosai, ka je wurin akawu ya rubuta maka sabuwar ranar a bayan sammacinka, ka karɓi lambar wayar lauyan da ya kira ka, ka kira shi ana gobe ka tabbatar kotu za ta zauna kafin ka biya kuɗin mota daga ƙauye.