Yadda Ake Kare Kai Bayan Saduwa Ba Tare da Kariya Ba

Ko kwaroron roba ne ya fashe, ko fyaɗe aka yi, ko kuwa an gano cewa abokin zama yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, aikin farko shi ne duba agogo. Yawancin waɗanda nake gani suna zuwa asibiti ne bayan kunya ta zaunar da su a gida kwana huɗu ko biyar suna jiran alama, alhali lokacin rigakafi ya riga ya wuce.

A nufi asibitin da ke ba da maganin ƙanjamau, a nemi maganin rigakafin da ake kira PEP. Wajibi ne a fara shansa kafin awa 72 su cika daga lokacin saduwar, kuma wanda ya fara a daren farko ya fi wanda ya kai rana ta uku samun kariya. Ana shansa kullum har kwana 28, ko da tashin zuciya ko kasala sun dami mutum a makon farko, domin a nan ne da yawa suke ajiye shi. Ni ban yarda a tsaya kemis ba: kafson da mai shago zai ƙirgo ba ya taɓa wannan ƙwayar cuta, asarar kuɗi ce kawai, ga shi kuwa a asibitocin gwamnati galibi kyauta ake ba da maganin.

Gwajin ƙanjamau da za a yi a ranar yana nuna matsayin mutum ne kafin wannan saduwa, saboda haka kada a kafa hujja da shi; a sake gwaji bayan wata uku.

Mace kuma ta sha ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, irin su Postinor-2, cikin awa 72 ɗin nan, idan ta yi amai kafin awa 2 ta sake sha. Ruwan gishiri da jiƙon kanwa ba sa hana ciki. Idan al'ada ta makara fiye da mako guda, sai a yi gwajin ciki.

A nemi gwajin ciwon sanyi, tunjere da ciwon hanta nau'in B, domin sukan ɓuya ba alama, musamman a jikin mata. Idan an samu ciwon sanyi, a yi wa miji da dukkan matansa magani lokaci guda, kuma a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7.