Yadda ake saita ma'ajin wucin gadi na rubutu a katin RAID

Katin RAID na sabar, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, yana da ƙwaƙwalwarsa ta kansa, galibi daga 1GB zuwa 8GB, kuma yana sarrafa rubutu ta hanya biyu. A tsarin WT (write-through), kati ba ya cewa an gama sai bayanan sun sauka kan faifai. A tsarin WB (write-back) kuwa, da zarar sun shiga ƙwaƙwalwar sai ya amsa, ya sauke su daga baya. Amfanin WB ya fi fitowa a RAID 5, inda ƙaramin rubutu ɗaya ke jawo aiki huɗu a kan faifai: karatu biyu, rubutu biyu. A RAID 6 aikin shida ne. Kati kan tara ƙananan rubuce-rubuce ya sauke su a tare a matsayin layi guda cikakke da ya ratsa duk faifan, wahalar ta ragu.

Matsalar ita ce in wuta ta ɗauke, abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ya tafi, alhali rumbun bayanai ya ɗauka an adana shi. Saboda haka kafin ka taɓa komai, duba kariyar katin. A katunan kamfanin Broadcom, da manhajar storcli (c0 shi ne kati na farko, v0 kuma jerin faifai na farko):

storcli /c0/bbu show all
storcli /c0/cv show all

Na farko na batir ne, na biyu na kafasita irin ta CacheVault. Tsohon batir yana riƙe bayanai kusan awa 72. Ita kafasita tana ba da wutar da za a kwashe su zuwa filash, inda za su zauna har wuta ta dawo. In ka ga Optimal, ci gaba:

storcli /c0/v0 set wrcache=wb
storcli /c0/v0 set pdcache=off

Layi na biyu ne mutane suka fi mantawa. Kowane faifai yana da nasa ɗan ma'ajin, kuma batirin kati bai kai can ba. A kashe shi, sai dai in SSD ne mai kariyar ɗaukewar wuta.

Kada ka zaɓi awb. Ma'anarsa kati ya ci gaba da WB ko da batir ya mutu. Wasu na cewa ai akwai UPS. To, UPS ba ya hana akwatin wutar sabar ƙonewa, ko wani ya fizge waya. A katunan kamfanin HPE, irin wannan tarkon sunansa nobatterywritecache, a bar shi a kashe. Rabon ƙwaƙwalwa tsakanin karatu da rubutu kuma, a HPE ɗin, ana sa shi da ssacli ctrl slot=0 modify cacheratio=10/90, wato kashi 90 na rubutu.

Bayan saiti, buga storcli /c0/vall show. RWBD na nufin WB na aiki. RWTD na nufin kati ya koma WT da kansa. Hakan na faruwa lokacin da batir ke gwajin cajinsa, wanda tsofaffin katunan PERC na Dell ke yi duk kwana 90. Sabar ta yi nauyi ba gaira ba dalili, a ɗora wa faifai laifi. Mayar da gwajin zuwa dare.

In duk faifan SSD ne, gwada WT ma, don sau da yawa ya fi sauri. Manhajar gwajin saurin faifai ta fio da bulok 4k da fsync=1 za ta raba gardama.

Idan jerin faifai ya ɓace da rubutu a ƙwaƙwalwa, kati zai riƙe shi. Umarnin storcli /c0 show preservedcache zai nuna. Dawo da faifan tukuna, domin goge shi asarar bayanan ne gaba ɗaya.