Yadda ake gane gazawar ɓangaren dama na zuciya tun daga gida

Ɓangaren dama na zuciya shi ne yake karɓar jinin da ya zagaya jiki ya tura shi huhu. Idan ya gaza, jini yakan yi cunkoso a jijiyoyi, ruwa kuma ya tsattsafa ya taru a ƙafafu da ciki.

A fara dubawa daga ƙafa, da yamma, lokacin da kumburi ya fi fitowa. A danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri na daƙiƙa 5 sannan a ɗaga. Idan wurin ya lotsa kamar an danna tuwo mai ɗumi, bai kuma ciko nan take ba, ruwa ne ya taru. Wanda ya daɗe a kwance, a duba masa gadon baya ta wajen ƙugu, domin can ruwan yake gangarawa.

Daga nan a jingina mutum da matashin kai a kalli wuyansa. Jijiyar da ta cika ta yi rudu-rudu alama ce mai ƙarfi. A tambaye shi ko yana jin nauyi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, inda hanta take, ko yana ƙoshi da loma kaɗan, ko fitsari yana yawan tashinsa da dare. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba.

Mai jego ita na fi ji wa tsoro a Maradi da ƙauyukan Tibiri da Madarunfa, saboda zuciya kan raunana bayan haihuwa, ga kunun kanwa da ake ɗura mata yana ƙara riƙe ruwa, sai iyaye su ce jego ne ya karɓe ta. Haka ma mai tsohon tarin fuka, da matar da ta shekara da shekaru tana shaƙar hayaƙin murhu.

Ciwon ƙoda da na hanta su ma suna kawo kumburi, shi ya sa likita kaɗai zai rarrabe, da awon jini da hoton zuciya na eko. Kafin a je, a rage gishiri da dunƙulen miya, a bar kanwa, kada a sayi maganin sa fitsari ko maganin ciwon jiki na diklofenak a hannun masu talla. Idan numfashi yana sarƙewa ko da mutum yana zaune, ko leɓɓansa suka yi duhu, ko ya suma, a kai shi babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.