Yadda ake shirya wasan kalankuwa idan kaka ta yi

Kalankuwa wasa ne na samari da 'yan mata da ƙauyukan ƙasar Hausa suka saba yi bayan an kawar da amfanin gona, inda ake haɗa kiɗa da rawa da kwaikwayon masu mulki, a wasu wuraren kuma har da dambe da kokawa. Duk wanda yake so ya shirya shi a garinsu, abin da zai fara dubawa shi ne rana, domin ita ce takan gyara taron ko ta lalata shi tun kafin a buga ganga. Gero yakan shigo tun watan Agusta zuwa Satumba, gyaɗa da wake su biyo baya, amma dawa ba ta kammala zuwa rumbu sai wajen Nuwamba zuwa Disamba. Idan aka sa rana alhali dawa tana tsaye a gona, samarin da za su yi wasan suna wajen yankan kara, iyayensu kuma ba su sayar da abin da za su yi wa makaɗa kari da shi ba. Saboda haka a jira a ɗaure dammuna, sannan a nemi daren farin wata, wato 13 zuwa 15 ga watan Musulunci. In ya dace da ranar kasuwar garin, to ya fi, domin baƙin ƙauyukan makwabta sun riga sun iso da ƙafarsu.

Bayan an tsayar da rana, sarkin samari da dattawa biyu ko uku su ɗauki goro su je wajen mai unguwa, shi kuma ya kai su ga dagaci. Kada a tsallake limamin gari, domin jin ta bakinsa tun da wuri a kan lokacin farawa da na tashi ya fi jin ta a huɗubar Juma'a bayan an gama. A sanar da 'yan sanda da 'yan banga a rubuce. A jihohi irin su Kano akwai Hisba da Hukumar Tace Fina-finai, waɗanda suke da ta cewa a kan tarukan nishaɗi, don haka a tuntuɓe su kafin a buga sanarwa, ba bayan an kafa rumfa ba.

Idan dandalin gari ya yi kaɗan, gonar da aka girbe a bayan gari takan wadatar, da sharaɗin a tone tushiyoyin kara tas, a share ƙaya, domin masu rawa da 'yan kokawa ba takalmi suke sawa ba. A yayyafa ruwa da hantsi, a sake yayyafawa bayan la'asar, in ba haka ba ƙurar hunturu da ta ƙafafu za su haɗu su shaƙe mawaƙi. A ware wa mata ɓangarensu da hanyar shigarsu, a shimfiɗa wa yara tabarmi a gaba, janareta kuma a kai shi nesa, ta gefen da iska ke tafiya da hayaƙinsa.

Zaɓen makaɗa shi ne wurin da masu shiri suka fi yin kasala, suna ganin kowane kiɗa kiɗa ne. Ba haka ba ne. Kalangu shi ne na 'yan mata da na 'yan dambe, kuma mai kalangun da ya san aikinsa yakan kira sunan yarinya da taken gidansu da bakin kiɗa kawai, ta hanyar matse tsarkiyar da ke hammatarsa da sassauta ta, sai ka ga ta miƙe daga cikin ƙawayenta ba tare da kowa ya ambace ta ba. Gangar noma ita ce ta manoma, kuma a wasan kaka bai kamata a rasa ta ba, domin da ita ake yi wa sarkin noma da gwanayen gayya kirari, da ita kuma 'yan hoto, wato masu wasa da garma, suke jefa garmar sama su tare ta. Kiɗan ƙwarya da shantu na mata ne, a bar musu lokacinsu. Amma kakaki da tambari kayan sarauta ne, ba a neman su don wasan samari. Idan ana so a ƙawata taron da rawar koroso, akwai ƙungiyoyinta a Kano, kuma ana iya neman bayaninsu a Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar take.

A ganina makaɗin gari ya fi baƙo mai suna amfani a irin wannan dare, ko da muryarsa ba ta kai ta baƙon ba, saboda shi ya san wane ne ɗan wane, ya san wanda ya yi dami ɗari bana da wanda ciyawa ta cinye wa gona. In an gayyato baƙo, a haɗa shi da sanƙiran gari wanda zai riƙa raɗa masa sunaye. Lasifika kuma a ba mawaƙi ita, a nisanta ta da ganga, domin ganga ba ta bukatar taimako.

Kwaikwayon mulki shi ne zuciyar kalankuwa. Tun mako biyu kafin ranar, samari su naɗa wa junansu muƙamai: gwamna, alƙali, ɗan sanda, likita, malamin haraji, malamin gona, kowa ya nemi tufafin da suka dace da shi, ko da aron tsohuwar kwat ne da tabarau marar gilashi. Ba a rubuta wasan kalma da kalma. Ana yarda ne a kan ƙashin labari, misali shari'ar manomi da makiyayi a kan ɓarnar wake, ko takin zamanin da aka ce ya iso amma ba wanda ya gan shi, sannan kowane ɗan wasa ya cike sauran da bakinsa. Abin da ya kamata a gwada sau da yawa shi ne shiga da fita, da kuma juyawa, tun da 'yan kallo zobe suke yi, kuma wanda ya tsaya wuri ɗaya ya ba rabin taron baya. Akwai ƙa'ida guda da ba a sassautawa: a kwaikwayi muƙami, kada a kwaikwayi mutum. Alƙalin wasa yana iya karɓar cin hancin kaza kowa ya yi dariya, amma da zarar ya ari tafiyar wani dattijo da aka sani, ko in'inar wani, wasa ya koma gaba tsakanin gidaje biyu. A shekarar zaɓe a haramta hula da tutar kowace jam'iyya a filin.

Dambe da kokawa a yi su tsakanin la'asar da magariba, ido na ganin ido. A samu tsohon ɗan dambe ya raba, ya duba zaren da aka naɗe hannu da shi don kada a cusa wani abu a ciki, a haɗa sa'a da sa'a, a tsaya a turmi uku. A tanadi ma'aikacin lafiya da abin hawa a kusa. Ana kiran magariba a ajiye kiɗa, ba a ɗauka sai an idar da isha'i. Daga nan 'yan mata su buɗe da gaɗa, a shiga kwaikwayo tun yara ba su yi barci ba, a bar babban kiɗa da rawa a ƙarshe, a kuma tashi a lokacin da aka yi wa dagaci alkawari, ko da kiɗa ya yi daɗi.

Kuɗin shiri yakan fito daga karo-karon samari da gudummawar masu hali, kuma manomin da ba shi da kuɗi a hannu a karɓi kwanon dawarsa, domin baƙi za a ciyar. A ba mutum biyu ajiya, su rubuta shiga da fita. Game da liƙi, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinta kuwa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ne ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Mafita ita ce a ajiye faranti a gaban makaɗa, mai kyauta ya miƙa wa sanƙira, shi kuma ya shelanta ta. A yi ciniki da shugaban makaɗa tun farko, a fayyace ko abin da ya taru a faranti yana cikin ladarsu ko ƙari ne a kai, a ba su rabi kafin su taso daga gida, sauran kuma a daren, tare da kuɗin motar komawa.