Yadda za ka sa firintar gida ta riƙa fitar da hoto da kala iri ɗaya

Duk mai firintar hoto a gida ko a ɗan shago a nan Yamai ya san wannan ciwon kai: hoton biki ya fito tas yau, jibi ka sake buga shi sai fuskar amarya ta yi ja, farar shaddar ango ta koma ruwan bula. Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Wani abu ne ya sauya, ko tawada, ko takarda, ko saiti, ko kuma kan firintar, wato sashen da ke fesa tawada a takarda, ya fara toshewa. Aikinka shi ne ka tsayar da kowanne wuri guda, ka kuma gane wanda ya motsa.

Fara da zaɓen hoton gwaji guda ɗaya. A samu fuskar mutum baƙi da ta mai haske a ciki, da farin yadi mai zane, da baƙin mayafi, da ɗan shuɗin sama. Buga shi ranar da firintar ke aiki yadda kake so, ka rubuta a bayansa kwanan wata, sunan takarda, irin tawada da saitin da ka zaɓa. Sa shi a ambulan ka ajiye a durowa inda haske ba ya kaiwa. Daga nan, duk ranar da ka yi shakka, shi za ka sake bugawa ka jera su.

Na biyu, duba kan firintar kafin kowane babban aiki. Tawada tana fitowa ne ta ƙananan hujoji da ido ba ya gani. A manhajar Epson ta Faransanci, wurin gwada su sunansa Vérification des buses, kuma takarda ta yau da kullum ta isa. Za ka ga layuka na kowace kala, shida ne a firintocin Epson irin su L805 da L1800. In layin shuɗi ya yi giɓi, ka samu dalilin jan fuskar nan, domin idan shuɗi ya ragu ja ne ke rinjaye. Sa manhajar ta wanke kan sau ɗaya ko biyu, in bai buɗe ba ka bar ta ta kwana sannan ka sake. Wanki a jere a jere yana shan tawada, yana kuma cika soson da ke tsotse ragowarta a cikin injin.

A nan yanayinmu ke shigowa, kuma a ganina shi ne rabin matsalar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu a bushe take, tawada na saurin daskarewa a bakin hujojin, ga ƙura tana shiga ko'ina. Kada firinta ta yi mako ba ta buga komai ba, ko da ɗan hoton gwajin ne. Rufe ta da ƙyalle mai kauri in ka gama. Kashe ta da maɓallinta, kada ka zare waya daga bango, saboda sai an kashe ta ta hanyarta kan ke komawa mazauninsa ya rufu. In wuta ta ɗauke tana tsakar aiki, kan zai tsaya a buɗe, don haka ɗan akwatin batirin nan mai riƙe wuta ba ɓarnar kuɗi ba ne. Zafi ma haka. Yawancin irin waɗannan injuna an yi su don aiki tsakanin digiri 10 da 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. A lokacin, yi bugunka da sassafe ko a ɗaki mai sanyi.

Na uku, tawada da takarda. Tawada iri biyu ce, mai narkewa kamar rini da mai gari, kuma ba a gauraya su a tanki ɗaya. L805 tana shan mai lamba 673. In ƙarfinka bai kai ta kamfanin ba, ka zaɓi iri ɗaya daga mai kaya ɗaya ka tsaya a kanta, domin kwalaben da ba suna ba lamba kalarsu na iya bambanta daga wannan kwali zuwa wancan. Takarda ma ka riƙe guda, ka gaya wa firintar gaskiyar irinta, mai sheƙi ce ko marar sheƙi, tunda da wannan zaɓin take auna yawan tawadar da za ta zuba. Da damina, musamman a Agusta, bar takarda cikin ledarta don kada ta sha danshi ta lanƙwashe.

Na huɗu, allon kwamfuta. Shi yana ba da haske daga ciki, takarda kuwa sai an haska ta, shi ya sa ake yawan cewa hoto ya fito da duhu. Riƙe farar takarda kusa da allon, ka rage haskensa har fararen biyu su yi kusa. Kashe saitin dare mai sa allo ya yi ruwan ɗorawa. Ajiye hotunanka a tsarin kala na sRGB, wanda wayoyi da dama da yawancin kyamarori ke amfani da shi. Sai babban tarko: kala mai kula da ita ɗaya ne, ko manhajar gyaran hoto ta Photoshop ko firintar. In ka ba Photoshop aikin tare da fayil ɗin ICC na takardarka, wato fayil ɗin da ke gaya mata yadda kala ke fita a kan takardar, kashe gyaran kala a manhajar firintar. In dukansu suka sa hannu, hoton kan fito da duhu ko ya karkata zuwa ja. Kashe gyaran kai tsaye irin PhotoEnhance shi ma, don kowane hoto da yadda yake taɓa shi. Idan saitin ya zauna, yi masa suna ka adana.

Hoton da aka turo maka ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi. Bugun santimita 10 da 15 yana son kusan ɗigo 1200 da 1800 kafin ya fito garau. Ce wa mai hoton ya sake turowa a matsayin fayil.

Kada ka yanke hukunci da fitowar takarda. Bar ta ta sha iska, ba a ɗora wata a kanta ba, domin kala tana ɗan sauyawa yayin bushewa, mai son tabbaci kuma ya jira sai gobe. Duba ta bakin taga da rana, a wuri ɗaya kullum, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. In akwai gyara, taɓa abu ɗaya kaɗai, ka buga a ƙaramar takarda, ka rubuta abin da ka taɓa a bayanta. Ranar da ka zuba sabuwar tawada ko ka buɗe sabon kwalin takarda, hoton gwajin za ka fara bugawa kafin ka karɓi aikin kowa.