Yadda Ake Gwajin Lafiyar Matashi Kafin a Ɗauke Shi Aiki

Mai masana'anta da ke shirin ɗaukar yaro ɗan shekara 16 aiki ya kamata ya fara da tabbatar da shekarunsa daga takardar haihuwa, domin duk abin da zai biyo baya a kan shekaru ya rataya. Yarjejeniya mai lamba 77 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a birnin Montiriyal na Kanada a 1946, ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba aiki a masana'anta sai likita ya duba shi sosai, ya kuma shaida cewa jikinsa zai iya ɗaukar aikin. Takwararta mai lamba 78, ta wannan shekarar, ta shimfiɗa ƙa'ida iri ɗaya ga ayyukan da ba na masana'antu ba, har da talla da sauran sana'o'in kan titi. Yarjejeniyoyin suna zama wajibi ne a kan ƙasar da ta amince da su a hukumance, saboda haka sai a duba dokar ƙwadago ta ƙasa tukuna.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba a tura yaro wurin likita hannu rabbana a ce a rubuta masa "lafiyarsa ƙalau", domin tambayar da likita zai amsa ita ce ko ya dace da wannan aikin takamaimai. Don haka mai masana'antar ya rubuta bayanin aikin a takarda: awa nawa za a yi a tsaye, nauyin da za a riƙa ɗagawa, ko akwai ƙura, ƙarar inji, zafin tanderu ko sinadarai. Yaron da ke da asma zai iya zaman kanti shekara da shekaru ba tare da matsala ba, amma idan aka tsayar da shi kusa da injin niƙa inda gari ke tashi kamar hazo, kwana kaɗan sai numfashinsa ya fara sarƙewa. Haka nan mai farfaɗiya bai dace da aiki a kan tsani ko kusa da bel ɗin inji ba, mai sikila kuma zafi da ƙishirwa suna iya tayar masa da ciwo. Iyaye su daina ɓoye irin wannan tarihi don tsoron kada yaro ya rasa aikin. A ganina wannan ɓoyon ya fi rashin gwajin kansa haɗari, saboda yana samar da takardar da kowa zai dogara da ita alhali babu gaskiya a cikinta.

Likitan dole ya zama ƙwararre wanda hukuma ta amince da shi. Sakamakonsa kuwa ba lallai ya tsaya ga "ya dace" ko "bai dace ba", domin yarjejeniyar ta ba da damar a bayar da shaidar bisa sharaɗi, ko a taƙaita ta ga aiki guda ko rukunin ayyukan da haɗarinsu ya yi kama. Idan aka ga bai dace ba, abin da aka tanada shi ne hukuma ta ba shi shawarar wata sana'a, ta kuma taimaka masa da magani da horo. Ko sisin kwabo ba za a karɓa daga yaron ko iyayensa ba, kuma zare kuɗin daga albashinsa na farko karɓa ce ta bayan gida.

Gwaji ɗaya ba ya wadatarwa, tunda jikin matashi yana cikin girma. A maimaita shi ba tare da tazarar ta wuce shekara ɗaya ba har ya cika 18, a ayyuka masu haɗari ga lafiya kuwa har ya kai aƙalla 21. Aikin haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa yana da tasa yarjejeniyar, mai lamba 124 ta 1965, wadda ta wajabta gwajin shekara-shekara ga duk wanda bai kai 21 ba, tare da ɗaukar hoton huhu a gwajin farko, domin ƙurar dutse tana taruwa a huhu sannu a hankali, kuma sai da hoton farko ake gane abin da ya sauya. Ga ma'aikatan jirgin ruwa, yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta taƙaita wa'adin takardar lafiyar wanda bai kai shekara 18 ba ga shekara ɗaya, maimakon biyu na manya.

Mai masana'antar ya adana takardar inda sufeton ƙwadago zai same ta idan ya nema, ya rubuta ranar gwaji na gaba a jikin fayil ɗin. A ma'adinai, rajistar matasan da ake ajiyewa a wurin aikin tana ɗauke ne da ranar haihuwa, irin aikin da shaidar dacewa kawai, bayanin ciwon kuwa yana zama a hannun likita.