Kurakuran da masu tiyatar rage ƙiba suka fi yi, kafin aiki da bayan an sallame su

Da yawa suna zuwa wannan tiyata da tunanin likita zai yanka ya ɗinke, shikenan ƙiba ta tafi. A'a. A aikin da ake kira silib ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a baifas kuma ana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a haɗa shi da hanji, amma kwaɗayi da halin cin abincinka babu wanda ya taɓa su, da su za ka koma gida.

Kuskuren farko tun kafin a shiga tiyata ake yinsa, wato cin bankwana. An ce ka yi kamar sati 2 kana cin abinci mara kitse kuma mara sukari, sai mutum ya ce ai daga yau ba zan ƙara ba, ya zauna ya narki abinci son ransa. Dalilin wannan tsarin shi ne hanta ta rage girma, domin tana kwance a kan tumbi ne, likita sai ya ɗaga ta kafin ya kai inda zai yi aiki, in ta kumbura da kitse aikin yana wahala, wani lokaci ma a fasa yin aikin. In ka karya tsarin ka faɗa, kar ka yi shiru.

Haka ɓoye shan taba. Ana so ka daina aƙalla sati 6 kafin aiki saboda tana hana ɗinki warkewa tana kuma kawo ulsa. Duk maganin da kake sha ma ka lissafa musu, na suga, na hawan jini, na tsinka jini, har allurar rage ƙiba irin su Ozempic, mai ba da maganin barci yana buƙatar ya sani.

Bayan aiki kuma sai kwanciya wai ana jinya. Tashi za ka yi ka ɗan taka tun ranar ko washegari in sun ba ka dama, ko da zuwa bakin ƙofa ne ka dawo, don kar jini ya daskare a ƙafa ya wuce huhu.

Inda aka fi faɗawa gaskiya shi ne gaggawar abinci. Ana farawa da ruwa-ruwa, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi, kafin a kai ga abinci sosai a wajen sati 6 zuwa 8, amma mutum sati 2 kawai ya ji sauƙi ya ɗauki tsokar nama wai ɗanɗanawa zai yi, alhali ɗinkin ciki bai kama ba. Loma ƙanana, tauna sosai, ka ba abincin kamar minti 20, da ka ji alamar cika ka ajiye cokali ko da saura loma ɗaya ce, wannan ɗayar ita ke kawo amai. Kuma ka fara da furotin, ƙwai, kifi, kaza, yawanci giram 60 zuwa 80 ake nema a rana.

Ruwa ma akwai rikici. Wasu ba sa sha sam saboda ba wuri, sai jiri da ciwon kai su mayar da su asibiti, wasu kuma suna kora abinci da shi. Kurɓa kaɗan-kaɗan za ka dinga yi duk yini har ka kai kamar lita 1.5, amma ka bar minti 30 tsakaninsa da abinci. Lemo mai gas da kayan zaƙi a haƙura, musamman mai baifas, sukari na zuba hanji lokaci guda sai gumi, faɗuwar gaba, murɗar ciki da gudawa. Wanda ya taɓa ji ba ya son maimaitawa.

Sai masu daina bitamin da zarar kaya sun fara yi musu yawa. Wannan abin na har abada ne fa, B12, ayon (sinadarin ƙarfe), kalsiyam, bitamin D, da gwajin jini lokaci-lokaci, domin ƙarancinsu ba ya ihu, sai gajiya da ƙarancin jini da dindiris ɗin ƙafa sun bayyana. In amai ya ƙi tsayawa kwanaki, kar a zauna a gida, bitamin B1 yana ƙarewa da wuri kuma ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Maganin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac kuma kar ka saya ka sha da kanka, suna ƙwaƙule ciki. Mai suga ya koma a duba masa yawan maganinsa, don sugan kan sauka tun kafin nauyi ya sauka.

Mata, jiki na raguwa haihuwa kan buɗe, ana shawartar a jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki, kuma ƙwayar tazarar haihuwa ba lallai ta yi aiki yadda ya kamata ba bayan baifas, a tambayi likita wata hanyar.

Hawa sikeli kullum safe ma wahalar da kai ne. Nauyi kan tsaya cak a wajen sati na 3 sannan ya ci gaba, gashi kan zube tsakanin wata 3 zuwa 6 ya kuma dawo. Abin da ba a jira da shi daban ne: zuciya na bugawa sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu, numfashi sama-sama ko ƙafa ɗaya ta kumbura. Ko tsakar dare ne a tafi asibiti, kuma da isa ka faɗa musu irin tiyatar da aka yi maka da ranar da aka yi ta.